Gawon Na-Yamma

Tun da ƙafafuna suka fara yi mini gardama na koma mutumin gindin katanga, abin da ido bai kai gare shi ba kunne ya kawo mini. Da rani, kafin hantsi ya yi zafi, abin da nake ji daga kan tudu shi ne ƙarar dagi yana cin fako, kwaf, kwaf, ta kowace kusurwa, maza da mata. Kowa na haƙa ƴan ramukan nan da ake kira tassa, a zuba taki a ciki, a jira ruwa. Yaran yanzu sun ɗauka tare da su aka halicci duniya. Waɗanda suka ɗan girme su kuma su ce masu furoje ne, ma'aikatan raya karkara, suka kawo su cikin farar mota. Ba na musu da su, don masu furojen sun zo, na gan su da idona, har shinkafarsu na ci. Amma ni na san lokacin da dagi ɗaya tak ke ƙara a kan tudun nan, gari duka yana yi wa mai shi dariya. Ina cikin masu dariyar, sai dai tawa ba ta hana ni zuwa leƙe ba.

Leƙe da tambaya su ne cutata tun ina yaro. In na ga maƙeri na tambaye shi me ya sa ƙarfe ke ja kafin ya yi fari, in na ga Buzu da raƙumi na bi shi har bakin gari ina son sanin inda gishiri ke tsirowa. Mahaifiyata takan ce matambayi ba ya ɓata, amma yana ɓatar da haƙurin mutane. A zamanin nan da nake faɗa, rani ba lokacin aikin gona ba ne. Maza su saƙa zana, su yaɓe rumbu, masu ƙarfin ƙafa su tafi ci-rani kudu. Da safe ba ka jin komai sai luguden mata da kukan igiyar guga a bakin rijiya, ba babur, ba rediyo, ba wannan wayar da ke kuka a aljihun kowa har cikin sahun salla. Gona ta kirki tana kwari ko jigawa. Fakon da ke kan tudu kuwa, jar ƙasa ce mai tsakuwa, ruwan sama ya faɗo mata ya gangare ko sallama babu. Muna da wani babban yanki a can, gadon kakanni, amma ko jaki ba ya son birgima a kansa.

Wata shekara gab da faɗuwar damina, ina saurayi gemu ya fara tsiro, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Dogo ne, baƙi, da zane a kumatunsa irin wanda ba mu saba gani ba, ga gora, ga sanda, ga buzun salla a naɗe a kafaɗa. Daga ƙasar Mosi ya fito, can yamma, yana tafiya Makka da ƙafa. Haka ake yi a da: mutum ya yi tafiya da rani, in damina ta riske shi ya tsaya ya yi wa wani noma, ya sami guzuri ya ƙara gaba. Mahaifina yana bukatar hannu, don ni kaɗai ne namijin da ya isa riƙe hauya a ɗakinsa, sai ya karɓe shi. Sunansa ya yi wa harshenmu nauyi, muka sa masa Na-Yamma, kuma da shi aka binne shi. Kowa ya ce baƙo raɓa ne, kaka na yi zai wuce. Kaka ta yi, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu, mutum bai ɗauki gorarsa ba. Maimakon haka sai ya durƙusa gaban mahaifina ya roƙi aron fako.

Aron gona yana da doka, kuma a gaban dattawa ake faɗar ta. Mahaifina ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Hwako dai ga shi nan, in kana iya tatsad dutsi. Amma aro na. Ba ka gina rijiya, ba ka dasa icce. In an yi girbi ka kawo dami guda gida, don gona ta san mai ita.” Dokar itacen nan ita ce babba. A wurinmu hatsi baƙo ne, shekara guda ya tafi, amma wanda ya dasa itace a gona ya ce tasa ce ke nan, shi da jikokinsa. Na-Yamma ya ce ya ji, ya yarda.

Daga nan dagi ya fara ƙara. Rami kamar zurfin ƙwarya, ya tara ƙasar ta gefen gangare, ya yi taku ɗaya ya haƙa wani. Mutane suka ce rana ta taɓa masa kai, wasu suka ce zinariya yake nema. Ni kuwa kullum ina can tsugune. Na ce, “Yaya, mi kaka bizne ciki?” Ya ce, “Tuwo.” Na ce, “Tuwon wa?” Ya ce, “Na gara.” Ya nuna mini: in ka zuba taki a rami tun da rani, gara za ta zo ci, ta huda ƙasa ta ƙasa, in ruwa ya sauka ya bi hanyarta ya shige maimakon ya gudu. Mu da muka tashi muna tsine wa gara saboda rumbu, ga wani ya ɗauke ta aiki ba ko sisi. Na kwana uku ina jujjuya wannan magana. Da damina ta yi, gero ya tashi a fako kore shar, kowane rami da tsironsa, masu dariya suka koma bin wata hanya don kada a ce sun zo kallo. Babu wanda ya kwaikwaye shi duk da haka, don aikin akwai karya baya, kuma ƙasa ba ta yi mana kaɗan ba tukuna.

Da hatsinsa na farko ya musanya awaki biyu. A nan ma na ga abin da ya ɗaure mini kai. Awakin gari sakin su ake yi da rani su nemi na kansu, shi kuwa nasa a turke suke. Kowace safiya ya sauka kwari da buhu ya tsinto ƴaƴan gawo, waɗannan murɗaɗɗun kwanson masu launin jan ƙasa, ya zube musu. Kashinsu kuma ya share shi a wani tsohon kwando daban, ba ya haɗa shi da na shanu, sai ya bi ramuka yana jefa ɗan kaɗan kaɗan kamar mai raba goro. Na tambaye shi dalili ya fi sau goma. Amsarsa ɗaya ce, “Akuya ta hi saniya hankali.” Na ɗauka irin maganar mutanen ƙasarsu ce, na bar shi.

A shekararsa ta uku aka zo ɗaukar soja. Nasara na mulki a lokacin, suna kuma da yaƙi a wata ƙasar Larabawa can bayan hamada. Gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya zo kan doki ya sauka ƙofar maigari, aka ce kowane gari ya kai samari garin Madawa likita ya duba su. Gidaje bi da bi ake yi, kuma layi ya zo kan gidanmu, ma'ana ya zo kaina. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Ni kaina, duk son ganin duniyata, a ranar na gane daga bakin ƙofa nake son ganin ta. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Washegari da hantsi muna gyaran jinkar rumbu, ni da mahaifina, Na-Yamma ya zo ya tsaya. Ya ce masu ɗaukar soja ƙirji da haƙora suke dubawa, ba sa tambayar wa ya haifi wa. Ya ce shi dama matafiyi ne, kuma ai gabas da arewa duk hanya ce. Mahaifina ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Ka tahi don ɗana. In Allah ya maido ka, hwako naka na, kai da ɗiyanka, babu dami babu komi.” Ya juyo gare ni. “Kai, ka ji?” Na ce, “Na ji, Baba.” Mu uku ne a wurin, sai kaji. Mahaifina ya yi niyyar faɗa a gaban dattawa in mutumin ya dawo, don a ganinsa kyauta ga wanda ba ya nan kamar yi masa fatan mutuwa ne.

Na raka shi Madawa da ƙafa, kwana biyu. Aka tuɓe su, aka auna, aka ƙwanƙwasa ƙirji, aka aske musu kai. Ranar da za a zuba su a kamiyo, babbar motar soja, ya kira ni gefe ya ce, “Ƙanena, awaki naka na. Ramukka ka riƙa yashe su kowace shekara. Abin da yat tsiro ciki wanda ba hatsi ba, bar shi.” Mota ta tashi. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya fito gida zai je ƙasar Larabawa da carbi, ga shi za a kai shi da bindiga.

Daminar da ta biyo baya, ina noman farko a fako, sai na ga wasu ƴan tsirrai masu ƙananan ganye da ƙaya a cikin ramuka, nan ɗaya, can ɗaya. Gawo ne. Na yi mamaki, don gawo itacen kwari ne, ban taɓa ganin sa kan tudu ba. Na kewaye su da hauya kamar yadda ya ce. Shekara ta zagayo sun kai gwiwa. A cikin wannan shekarar ciwon ƙirji ya kama mahaifina, kwana tara ya rasu, bai sami faɗa wa kowa komai ba. Gida da gonaki suka koma hannun ƙanensa, Baffa.

Ba zan yi wa Baffa ƙarya don ya mutu ba, mutum ne mai riƙon zumunci, shi ya yi mini aure, marayun ɗan'uwansa ba su taɓa kwana da yunwa ba. Amma a kan ƙasa ba ya wasa. Ya hau tudu ya ga itatuwa sun jeru bisa layin ramuka, fuskarsa ta canza. Ya ce, “Kakanninmu sun ɗauki hatsi bisa kai sun kai ma Abzinawa shekara da shekaru, don kar a tashe su daga ƙasag ga. Ba don wani shi zaka daga yamma da gora shi gaje ta ba. Icce bisa layi ba aikin iska na ba. Gobe in iske ka hidda su.”

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Baffa, gonar ma tasa ce, Baba ya ba shi, ni ne shaida. Ban faɗa ba. Ina tsoron Baffa, wannan ɗaya. Na biyu ya fi muni: a lokacin ina neman aure, kuma gari ya fara mantawa cewa wani ne ya tafi a madadina. In na ta da maganar fako, na ta da waccan. Sai na ɗauki hauya da safe na hau tudu. Gawo ƙarami a sama, amma saiwarsa ta yi nisa, kowane ɗaya sai na haƙa na haƙa kafin ya saki, ƙaya na yanka mini hannu. Na wuni ina yi. Saura ɗaya a tsakiyar gona, wanda ya fi tsawo, na yi ta kewaya shi ina barin sa sai ƙarshe, har Baffa ya iso duba aiki tare da limamin gari.

Ban san inda dabarar ta fito ba, bakin tambayata ne kawai ya buɗe. Na ce, “Baffa, tun da kake, wa ka taɓa gani ya dasa gawo?” Liman ya ce gaskiya ne, mangwaro ake dasawa, dabino ake dasawa, gawo kuwa Allah ke shuka abinsa inda ya so. Baffa ya dubi itacen, shi kaɗai a fili, ba layi ba komai. Ya ce, “To wanga na Allah na, ba na baƙo ba. A bar shi.” Na koma gida ina jin kamar na yi abin kirki, alhali hannuwana duk jini ne.

Sai da aka yi damina huɗu Na-Yamma ya dawo. Ya sauka daga motar kasuwar Buza da akwatin ƙarfe da wata doguwar rigar kaki, ya rame, yatsu biyu na hannun hagu babu. Ya yi gaisuwar rasuwar mahaifina, ya zauna a kan buzu ya yi kuka ba ɓoyo. Ni kuwa kwana biyu kawai na iya daurewa, na uku cutata ta tashi. Da gaske ne akwai ruwan da ba a ganin gaɓarsa? Ya ce akwai, kuma ba ya shayuwa, kuma ya yi amai tun daga wannan baki har wancan. Da gaske ne ƙanƙara na sauka kamar auduga ta rufe duwatsu? Ya ce da gaske, har ya sa ta a baki, ba ta da ɗanɗano. Me Nasara ke ci? Burodi mai tauri da kifi a gwangwani. Aikin soja fa? Ya ce rabinsa jira ne, rabinsa haƙa. “Sun ga na iya rami, sai sunka ba ni shebur. Nan in gina in sa taki, can in gina in shiga da kaina.” Duk ƙaramar tambaya ya amsa ta har da dariya. In na matso kusa da yatsunsa ko abin da ya yi da bindiga, sai ya tambaye ni lafiyar awaki.

Bai yi maganar fako ba sai rana ta bakwai, bayan la'asar, ya ce in raka shi. Muka hau tudu. Ya tsaya ya bi layin ramuka da ido, ɗaya bayan ɗaya, inda ya san ya kamata a ce akwai wani abu. Sannan ya taka zuwa ga gawon, wanda a lokacin ya wuce tsawon mutum, ya kama reshe da hannunsa mai yatsu uku. Ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa duka, da umarnin Baffa, da hauyata, da abin da na ce a gaban liman. Na zaci zai zage ni. Sai ya zauna a ƙasa ya ce in zauna.

Ya ce a can inda aka kai su, mutanen duwatsu ne kamar mu, Musulmi, suna jera dutse a gangare don tare ƙasa, suna da wani itace zaitun da kakan kakan mutum ke dasawa jika ya ci. Wata rana aka ce a tashi wani ƙauye a sare itatuwansa, don masu yaƙi na ɓuya ciki. Sarjan ɗinsu ya san shi manomi ne, sai ya miƙa masa gatari. Akwai wani tsoho mai gonar da ya ƙi tafiya. Bai yi ihu ba, bai roƙi kowa ba, duk itacen da ya faɗi sai ya matsa ya zauna jikin na gaba. Da lokacin salla ya yi tsohon ya yi taimama ya ta da kabbara, kalma da kalma irin tamu. “Ina jin shi, gatari na hannuna,” in ji Na-Yamma. “Nis sare na ƙarshe yana zaune gindinai, sai da anka ja shi.” Sannan ya dube ni. “An ba ka hauya, an ba ni gatari. Kai ka bar guda. Ni ban bar ko guda ba. Da wane baki za ni zagin ka?”

Da na ga fuskarsa ta ɗan saki, sai na ce abin da har yau bai daina ba ni mamaki ba shi ne yadda Allah ya kawo gawo kan tudu. A nan ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun dawowarsa. Ya ce ƙwayar gawo tana da tauri, in ka sa ta ƙasa haka nan sai ta shekara ba ta tsaga ba. Sai ta bi ta cikin akuya ta fito, sannan ta yarda ta tsiro. Ya ce, “An ce kar in dasa icce. Ban dasa ba. Na ba akuya abinci, na kai taki gona.” Buhun nan na kowace safiya, da turke, da tsohon kwando, duk suka dawo mini a lokaci guda. Duk tsawon lokacin nan mutumin yana shuka itace a gaban idon gari duka, har da ni sarkin leƙe, babu wanda ya gani. Ya ce tun daminarsa ta farko ya san Makka ta yi masa nisa, kuma ya gaji da zama mutumin da ba a sa ran ganin sa baɗi.

Da za mu tashi ya ce, “Maganad da Baba yay yi bakin rumbu, ya hwaɗa ma kowa?” Na ce a'a. Ya ce, “Amma kai ka ji.” Na ce, “Na ji.” Ya ce, “To ya isa.” Shi yana nufin ya bar maganar a hannuna. Ni kuwa na ɗauki “ya isa” na yi matashin kai da ita.

Baffa bai kore shi ba, don ba a korar tsohon soja mai lamba a ƙirji. Ya ci gaba da noma fako a matsayin aro. Ya auri wata bazawara daga wajen Garhanga, suka haifi ɗiya mace ɗaya. Kowace kaka ya ɗauko dami a kai ya kawo ƙofar gidanmu ya ajiye. Baffa ya rasu, gida ya dawo hannuna, aka ci gaba da kawo damin, ni kuma na ci gaba da cewa a kai rumbu. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa. Kowace shekara ina cewa baɗi zan tara dattawa, kowace shekara akwai dalili: ƴaƴan Baffa za su ce na ba da gadonsu, ko ana yunwa, ko ana biki. A shekarun babban fari, da jigawa ta ƙi, fako ne ya ba da abin da ya riƙe gidaje biyu, nasa da namu. Bai taɓa tuna mini ba, ko da ido. Ya rasu bai ga Makka ba, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Ɗiyarsa ta ci gaba da noman, ta ci gaba da aiko dami, har ita ma ta yi furfura, mijinta ya rasu, ƴaƴanta ke haƙa mata tassa.

Abin da ya sa na zauna ina wannan dogon zance shi ne abin da ya faru bana. Yanzu ƙasa ta yi kaɗan. Gonar da mahaifina ke nomawa shi kaɗai an yanka ta gida goma sha, kowa da ɗan zirinsa kamar ƙyallen tela. Fakon da jaki ke ƙi ya zama gonar da ta fi kowace a tudu, gawon nan mutum biyu ba sa rungume shi, ƙananansa sun cika wurin, kuma gero ba ya yin kyau a ko'ina kamar ƙarƙashinsa, don da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana. Jikana da ya dawo daga Libiya da mata da ƴaƴa huɗu ya ce a yi wa gonakin gida takarda, a karɓo aro. Ba mugu ba ne, bakuna yake ƙirgawa. Aka kira ma'aikacin da ke rubuta takardar gona, ya zo da wayarsa mai auna iyaka, ya ce sai an kawo dattijon da ya fi kowa sanin asali. Jikana ya ɗora ni a amalanken jaki yana tsokana, “Tsoho, yau dai kai za a yi ma tambaya, mu huta.”

Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar gawon. Ga maigari, ga jikokin Baffa, ga nawa, ga ɗiyar Na-Yamma can gefe da ƴaƴanta, ta rufe kai, ta riga ta sallama, don kowa ya san damin da take kaiwa. Ma'aikacin ya ce, “Baba, gonag ga aro ta ko kyauta? Iccen ga kuma, an ce na Allah na, babu wanda yad dasa shi. Haka na?”

Na ce, “Ni nif hwaɗi haka, kuma ban san gaskiya ba sa'ad da nif hwaɗa. Shuka shi anka yi.” Na ba su labarin awaki da kwando, wasu har suka fara dariya. Sannan na ba su na bakin rumbu, da wanda layin soja ya faɗo kansa, da wanda ya tafi. Dariya ta tsaya. Na ce, “Ubana ya ba shi hwako, shi da ɗiyanai, babu dami babu komi. Ya tambaye ni ko na ji, nic ce na ji. Ku rubuta sunanta.” Jikana ya miƙe ya kakkaɓe riga ya sauka tudu, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Ban ga laifinsa ba, ƴaƴansa ne na cire wa tuwo a baki.

Da aka gama rubutu mutane suka watse, ɗiyar Na-Yamma ta matso ta durƙusa bakin tabarmata. Na zaci godiya za ta yi, har na fara shirya abin da zan ce don in hana ta. Ta ɗaga kai ta dube ni, ba fushi a fuskarta, irin kallon da nake yi wa maƙeri ina yaro.

Ta ce, “Baba, ubana ya san kana sane?”

Na ce, “Ya sani.”

Ta ce, “To mi yas sa kad daɗe?”

Na shekara fiye da tamanin ina tambayar mutane, ban taɓa barin kowa ya tsere mini da shiru ba. Ta jira. Ƴaƴan gawo suna faɗowa ɗaya ɗaya a kan tabarma, awakinta suna matsowa suna tsinta, ni kuwa ban sami abin da zan ce mata ba.